Hawan Duwatsun Bayan Gari: Daga Tuddan Bangui zuwa Tsaunukan Azbin

Birane da yawa na Afirka sun kafu ne a gindin dutse ko a gefen tudu, domin waɗanda suka fara sare daji suka zauna sun nemi wurin da za su hangi abokin gaba tun daga nesa, su sami ruwan da ke gangarowa, su kuma sami mafaka idan yaƙi ya ci gari. A wannan zamani, da zaman ofis da zaman shago da hawan babur suka rage wa mutanen birni tafiyar ƙasa, duwatsun nan sun sami wani sabon amfani, wato hawansu da ƙafa domin motsa jiki da shan iska da buɗe ido, al'adar da ta daɗe a Turai da Amurka, take kuma samun karɓuwa sannu a hankali a tsakanin matasan biranen Afirka. Tafiya ce ta yini guda ko rabin yini a kan turbar ƙafa, wadda ba ta bukatar igiya ko ƙugiya irin waɗanda masu hawan manyan tsaunuka masu ƙanƙara suke amfani da su, kuma duk mai lafiya yana iya yin ta idan ya shirya.

Kusancin dutse da gari shi ne abin da ya fi jawo mutane gare shi, kuma shi ne abin da ya fi yaudararsu, domin wanda yake hango hasumiyar masallacin unguwarsu daga kan tudu yakan ɗauka bai bar gida ba, alhali kuwa ya shiga wurin da babu famfo, babu inuwar rumfa, babu mai ɗaukarsa a mota idan ƙafa ta gurɗe. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma maganar tana aiki ga mai saukowa daga dutse kamar yadda take aiki ga matafiyin da ya doso Kano. Abubuwa uku ne suke raba tafiyar da ta yi kyau da wadda ta zama labarin jaje, wato ruwa da lokaci da sanin ƙasar da ake takawa, kuma hukuncin kowannensu yana sauyawa tsakanin tudun ƙasa mai damshi da dutsen bakin hamada.

Tuddan da ke kallon Kilomita Biyar

Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, Faransawa ne suka kafa shi a shekarar 1889 a gaɓar kogin Ubangi, daidai inda duwatsun cikin ruwa suke tare jiragen da ke haurowa daga kudu, kuma birnin yana zaune ne a kan kimanin mita 370 daga doron teku, yana fuskantar garin Zongo na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a ɗaya ƙetaren. Unguwar Kilomita Biyar, wadda ta sami sunanta daga nisan da ke tsakaninta da tsakiyar birnin inda ake fara lissafin tsawon hanyoyi, tana cikin gunduma ta uku, kuma ita ce cibiyar ciniki mafi girma a birnin, inda Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi da sauran Musulmi 'yan kasuwa suka daɗe da zama, suna magana da harshen Sango a kasuwa, suna kuma riƙe da harsunan iyayensu a gida. Duniya ta fi sanin unguwar saboda rikicin 2013 da 2014, lokacin da ta zama mafakar Musulmin da suka rage a birnin, da kuma ziyarar da Fafaroma Francis ya kai babban masallacinta ranar 30 ga Nuwamba, 2015.

Unguwar tana shimfiɗe ne a ƙasa mai kwari, amma wanda ya dubi gabas daga cikinta zai ga jerin tudda masu duhun itatuwa, waɗanda mafi shahara a cikinsu shi ne Gbazabangui, mai ɗauke da manyan haruffan sunan birnin a ƙirjinsa, wanda kuma fadar shugaban ƙasa da babbar majami'ar Katolika suke kusa da gindinsa. Tsayin tuddan bai wuce 'yan ɗaruruwan mita sama da matakin kogi ba, kuma gwamnati ta keɓe wani sashe na dajin Gbazabangui domin kare shi daga sara da gini. Daga samansu ana ganin faɗin kogin da kwale-kwalen masunta, da rufin kwanon unguwanni har zuwa filin jirgin sama na Mpoko.

Ƙasar waɗannan tudda ƙasa ce mai shan ruwa sosai, domin Bangui takan sami kimanin milimita 1,500 na ruwan sama a shekara, damina kuma takan ɗauki mafi yawan watannin shekara, ta bar rani gajere tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da hazon hunturu yakan sauko daga arewa. Mai hawa da safiyar damina yakan tarar da turbar ta koma ƙaramin kwazazzabo wanda ruwan dare ya yasa, jar marmara ta yi santsi, saiwoyin itatuwa sun fito fili suna harɗe ƙafa, ƙananan tsakuwoyi mulmulallu kuma suna zamewa a ƙarƙashin takalmi, musamman wajen saukowa, inda nauyin jiki gaba ɗaya yake komawa kan gwiwa da diddige. A kan wannan turba yakan yi kiciɓis da mata masu ɗauke da itacen girki, da manoman rogo da suka share gangare suka yi shuka, da masu fasa dutse domin sayar wa magina, waɗanda duka sun fi shi sanin inda ƙasa take riƙe ƙafa da inda take sakinta. Rigarsa takan jiƙe sharkaf tun kafin hantsi, amma jikinsa ba ya samun sanyin da ya kamata, saboda dalilin da zai zo a bayanin yadda jiki yake fama da zafi.

Ƙasar tana da wasu wuraren da suka fi waɗannan tsayi ko bushewa, kamar tsaunin Ngaoui mai mita 1,410 a kan iyakar Kamaru, wanda shi ne mafi tsayi a ƙasar, da yankin Birao na can arewa maso gabas mai yanayin Sahel, sai dai nisa da rashin tsaro sun sa ba wuraren yawon yini guda ba ne. Dutsen hamada na ainihi mutumin Kilomita Biyar ya fi haɗuwa da shi ne idan fatauci ko zumunci ya kai shi ƙasar Hausa da Nijar, ko kuma idan Allah ya kira shi aikin Hajji, kuma a nan ne sabon da ya yi da ƙasa mai damshi yake iya cutar da shi.

Daga Dala zuwa Damagaram

Tarihin ƙasar Hausa cike yake da duwatsun da birane suka tsiro a gindinsu. Dutsen Dala na Kano, mai tsayin mita 534 daga doron teku, tudu ne mai hular marmara wadda ke ɗauke da tama, kuma binciken masu tonon kayan tarihi ya nuna cewa ana narka ƙarfe a wurin tun ƙarni na 7, tun kafin zuwan Bagauda wanda littafin tarihin sarakunan Kano ya sanya farkon sarautarsa a shekarar 999. Littafin ya ambaci Barbushe da bautar Tsumburbura a kan dutsen, kuma a yau gidaje sun kewaye shi ta ko'ina, an yi masa matakala, har yara da tsofaffi suna hawansa cikin 'yan mintoci. Haka Goron Dutse yake a yammacinsa, haka Kufena yake ga Zariya, haka Kwatarkwashi yake a ƙasar Zamfara, haka kuma manyan duwatsun da ke jibge a tsakiyar unguwar Birni ta Damagaram, kusa da fadar Sarki.

Yawancin waɗannan duwatsu ragowa ne, wato sassa masu tauri da suka tsaya bayan ruwa da iska sun cinye ƙasa mai laushi da ke kewaye da su a cikin miliyoyin shekaru, abin da ya sa ake ganin dutse guda tsaye ƙiƙam a tsakiyar fili. Masana kimiyyar ƙasa sun kuma gano wani jerin duwatsu masu siffar zobe, waɗanda suka samo asali daga narkakken dutsen da ya taso daga cikin ƙasa ya daskare, wanda ya taso tun daga arewacin Azbin, ya ratso Damagaram, ya dire a tudun Jos, inda na arewa suka haura shekara miliyan 400, na Jos kuwa ba su kai miliyan 200 ba. Irin wannan dutse yana ɓarewa ne falle-falle saboda zafin rana da sanyin dare, shi ya sa mai hawa fa, wato shimfiɗaɗɗen dutse mai sulɓi, ya kamata ya taka kowane falle da shakka kafin ya ɗora masa nauyinsa.

Azbin, tsaunukan da ke bayan Agadas

Misali mafi cika na birnin da ke gindin duwatsun hamada a duniyar masu jin Hausa shi ne Agadas, inda Hausa take harshen kasuwa da na titi, wanda kuma hukumar UNESCO ta sanya tsohon garinsa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, tare da hasumiyar ƙasa mai tsayin mita 27 da aka fara ginawa a farkon ƙarni na 16, aka sake gina ta a 1844. Birnin yana kan kimanin mita 520 daga doron teku, ruwan saman da yake samu a shekara kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda Bangui take samu ba. Daga arewacinsa ƙasa take fara tashi zuwa tsaunukan Azbin, waɗanda Gobirawa suke ambato a labarin asalinsu, kuma mafi tsayinsu shi ne Idukal-n-Tagas mai mita 2,022 a kan tudun Bagzan, wanda ya fi ko'ina tsayi a Jamhuriyar Nijar. An sanya gandun Azbin da hamadar Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7.7, cikin wuraren gado na duniya a 1991, aka kuma mayar da shi jerin waɗanda ke cikin haɗari a 1992 saboda tawayen da ya ɓarke a yankin.

Rayuwar Azbin gaba ɗaya tana rataye ne a kan ƙoramu, wato hanyoyin ruwa masu yashi waɗanda suke bushe mafi yawan shekara, amma suna ɓoye damshi a ƙarƙashinsu. A bakinsu ne ake samun goriba da aduwa da bagaruwa da magarya, a nan ne kuma Abzinawa suka kafa lambuna a wurare irin su Dabaga da Tabelot da Timiya da Iferwan, inda raƙumi ko sa yake jan guga daga rijiya ana ban ruwan albasa da tafarnuwa da alkama da dankali, har da lemo da rumman a Timiya. A cikin duwatsun akwai ragon dutse da barewa da birai, a jikin wasu fannan kuma akwai zane-zanen mutanen da, irin su raƙumin dawan Dabus mai tsawon fiye da mita biyar, waɗanda suke shaida cewa shekaru dubbai da suka wuce wurin yana da ciyawa da ruwa.

Jagoran da ya san ƙasar ba ya neman ruwa da ka, domin yakan bi ƙorama har inda ta yi kwana a jikin dutse, ya dubi inda goriba ta yi kore shar da inda sawun awaki da na tsuntsaye suka taru, sannan ya durƙusa ya fara yasar yashi da hannu ko da ƙwarya, yashin yana sauyawa daga fari zuwa ja-ja-ja mai danshi, har ruwa ya fara tsattsafowa a gindin ramin, ya bar shi ya kwanta kafin ya cika salka, wato jakar fatar akuya da matafiya suke ɗura ruwa a ciki. Wannan ƙoramar da take shayar da matafiyi ita ce kuma take halaka shi idan ya yi zango a cikinta da damina, domin ruwan da ya sauka a kan tsauni mai nisan kilomita da yawa ba ya samun ƙasar da za ta shanye shi, sai ya taru ya gangaro gaba ɗaya da itace da duwatsu, alhali sararin sama yana tas a inda mutum yake kwance. A farkon Satumbar 2009 ƙoramar Telwa ta yi irin wannan ambaliya ta rushe dubban gidaje a cikin Agadas kanta. Saboda haka Buzaye suke yada zango a kan gaɓa ko tudu ko da yashin ƙorama ya fi daɗin kwanciya.

Tsayi yana kuma sauya yanayi, domin zafin iska yakan ragu da kimanin digiri shida da rabi a kowace mita dubu da aka haura, wato kan Bagzan yakan fi Agadas sanyi da kusan digiri goma, kuma a daren hunturu sanyin yakan kusanci matakin daskarewar ruwa. Wanda ya fito da riga guda saboda zafin gari, dare kuma ya riske shi a sama, zai sha wahalar sanyi bayan ya gama shan ta rana.

Tarihi ya adana labarin abin da yake faruwa da wanda ya raina waɗannan dokoki. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar Hausa da Barno suka sani da Abdulkarim, ya bar ayarinsu a watan Yulin 1850 ya tafi shi kaɗai domin hawan dutsen Idinen kusa da Gat, a kudancin Libiya ta yau, duk da gargaɗin Buzayen da suke tare da su. Ruwansa ya ƙare, ya ɓace wa ayari, ƙishirwa ta kai shi ga tsotsar jinin jikinsa, sai washegari wani Buzu ya bi sawunsa ya same shi a galabaice. Mutumin da ya rayu ya isa Agadas a watan Oktoba na wannan shekara, ya kuma shiga Kano a 1851, saura ƙiris ya mutu a gefen dutsen da ayarinsu yake gani da ido.

Yadda jiki yake fama da zafi

Jikin ɗan Adam yana riƙe zafinsa a kusan digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan tsoka tana aiki tuƙuru, kamar lokacin hawan gangare, takan samar da zafi mai yawa wanda dole a fitar da shi. Babbar hanyar fitar da shi ita ce gumi, sai dai gumin ba ya sanyaya jiki sai ya bushe ya bi iska, kamar yadda randar ƙasa take sanyaya ruwa saboda raɓar da ke tsattsafowa ta jikinta tana bushewa. A Bangui iska tana cike da damshi, don haka gumin yakan tsiyaya ya zuba ba tare da ya bushe ba, mutum ya yi asarar ruwa kuma zafin yana nan. A Azbin da Makka kuwa iskar busasshiya ce, tana shanye gumin nan take, jiki yana samun sanyi, amma mutum ba ya ganin jiƙewa a rigarsa, sai ya zaci bai yi gumi ba, alhali yana iya zubar da lita guda ko fiye a kowace awa. Wanda ya saba auna gajiyarsa da jiƙewar riga, kamar mutumin bakin Ubangi, shi ne ya fi saurin faɗawa wannan tarko.

Matakin farko na cutar shi ne galabaita, wadda alamunta su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da ɗaurewar tsoka da fitsari kaɗan mai duhun launi, kuma maganinta shi ne tsayawa a inuwa, sassauta tufafi, jiƙa jiki, da kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Idan aka yi taurin kai aka ci gaba, sai a kai ga bugun zafi, inda zafin cikin jiki yake haura digiri 40, mutum ya rikice, ya riƙa sambatu ko tangaɗi ko ya suma, kuma wannan hali yana iya kisa idan ba a sanyaya jikin nan take da ruwa da fifita ba, aka kuma garzaya da shi asibiti. Tun da gumi yana fita da gishiri, shan ruwa zalla mai yawa ba tare da cin komai ba yana da nasa haɗarin, shi ya sa ake so a riƙe ruwan gishiri da sukari, wanda ake haɗawa da lita guda ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, tare da guzuri irin su dabino da gyaɗa da kilishi.

Alhazai sun san duwatsu biyu da ke gefen Makka, wato Jabalun Nur mai ɗauke da kogon Hira inda wahayi ya fara sauka, da Jabalus Saur inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɓuya tare da Sayyidina Abubakar lokacin hijira a shekarar 622. Malamai sun bayyana cewa hawansu ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara, amma dubban maziyarta suna hawa, har da tsofaffi da masu hawan jini da ciwon sukari. A Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 51 a Makka, hukumomin Saudiyya sun sanar da mutuwar fiye da mutum 1,300, abin da ya isa ya nuna ƙarfin ranar wannan ƙasa ko da a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, balle a kan gangare. Birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka, wanda shi ma duwatsun hamada ne suka kewaye shi, tun 2021 yake rufe wasu turbobinsa masu wuya da tsakar rana a ranakun da aka yi gargaɗin tsananin zafi, domin kare masu hawa da kuma ma'aikatan ceto da suke hawa ɗauko su.

Lissafin lokaci da kayan tafiya

Wani ɗan Sikotland mai suna William Naismith ya kawo wata ƙa'ida a 1892 wadda masu hawan duwatsu suke amfani da ita har yau, wato a ware awa guda ga kowace kilomita biyar, a ƙara awa guda ga kowace mita 600 ta haurawa. Bisa wannan lissafi, tafiyar kilomita shida mai haurawar mita 300 za ta ci kimanin awa ɗaya da minti arba'in, amma tun da an yi ƙa'idar ne ga mai ƙarfi a ƙasa mai sanyi, dole a ƙara mata lokacin hutu da na zafi da na mafi rauni a cikin tawaga. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, ta yadda walaha za ta sami mutum yana saukowa, kuma watannin hunturu sun fi bazara sauƙi nesa ba kusa ba. A Bangui, wadda take kusa da layin da ya raba duniya biyu, rana takan faɗi wajen ƙarfe shida duk shekara, duhu kuma yana rufowa da sauri, don haka wanda ya fara hawa bayan la'asar yana iya saukowa da lalube. Mai azumi bai kamata ya hau dutse da rana ba. Dokar da ta fi kowace sauƙin riƙewa ita ce mutum ya juyo idan rabin ruwansa ya ƙare, ko ya kai ƙololuwa ko bai kai ba.

Tufafin da mutanen hamada suka gada, wato riga mai yalwa mai rufe hannu da rawani mai kare kai da wuya da baki, sun fi gajeren wando da singileti amfani a rana, domin suna tare hasken da ke ƙona fata, suna kuma barin iska ta zaga. Takalmi kuwa dole ya zama rufaffe mai ƙasa mai kama dutse, domin silifas ba ya jure ƙaya da ƙarangiya da tsakuwa, sanda kuma tana rage wa gwiwa nauyi wajen saukowa. Ana bukatar tocila da waya mai caji, sannan a shaida wa wani a gida hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran dawowa, kada kuma a tafi mutum guda.

Macizai da kunamu sukan fake a ƙarƙashin duwatsu da cikin tsaguwa, saboda haka ba a cusa hannu inda ido bai gani ba. A yankin savana, wato ƙasar ciyawa da itatuwa jefi-jefi, kububuwa ce ta fi yawan kisa, kamar yadda asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ya shaida, akwai kuma kasa da gamsheƙa. Idan tsautsayi ya faɗa, likitoci sun hana tsaga wurin ko tsotsa ko ɗaure gaɓar tamau, abin da ake so shi ne a kwantar da hankalin wanda aka sara, a cire masa zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar kashe dafi ba tare da ɓata lokaci ba.

Jagora, tsaro da haƙƙin dutse

Ayarin fatake bai taɓa tashi ba sai da madugu da jagora, kuma wannan tsari yana nan da amfaninsa, domin taswirar waya ba ta san rijiyar da ta ƙafe bana ba, ba ta kuma san gonar da mai ita ba ya son a ratsa ba. A Azbin, tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009 sun durƙusar da yawon buɗe idon da ya taɓa ciyar da ɗaruruwan jagorori da direbobi da maƙeran azurfa a Agadas, kuma shiga yankin yana bukatar sanin halin tsaro na lokacin da bin umarnin hukuma. A Bangui ma akwai barikin soja da gine-ginen gwamnati a jikin tuddan, irin su barikin Roux, inda kusanta ko ɗaukar hoto yake iya jawo tsarewa, don haka wajibi ne a nemi izinin mai unguwar da turbar ta fara daga cikinta, a kuma tafi da ɗan wurin wanda za a biya haƙƙinsa.

Dutsen bayan gari yana yi wa gari aikin da mutane ba su cika lura da shi ba sai ya daina. Itatuwan da ke kan Gbazabangui da 'yan'uwansa suna rage ƙarfin ruwan sama, saiwoyinsu suna riƙe ƙasa, ruwa yana samun lokacin nutsewa ya ciyar da rijiyoyi, amma idan aka sare su domin gawayi da noma da gini, sai ruwan ya gangaro gaba ɗaya da yashi da laka, ya toshe magudanu, ya malale unguwannin da ke kwari, a birnin da dama can yake fama da cikar Ubangi irin ta Oktoban 2019 wadda ta raba dubban mutane da gidajensu. Dala ma yana fama da zaizaya da shara da gine-ginen da suka ci gindinsa, zanen duwatsun Azbin kuma suna fama da masu kankare sunayensu a kai. Yawaitar masu hawa tana iya ƙara wannan ɓarna idan kowa ya buɗe tasa turbar ya watsar da ledar ruwa, tana kuma iya rage ta idan hukumomin birni da masu unguwanni da ƙungiyoyin matasa suka tsayar da turbobi sanannu, suka sa musu alamu, suka horar da jagorori daga cikin masu itace da masu fasa dutse waɗanda suka riga suka san wurin, ta yadda za su sami abin kai wa gida daga tsayuwar dajin fiye da abin da suke samu daga sare shi.